Soket Ɗaya

Inna ta shigo falo tana laluben bango da hannu ɗaya, ɗaya hannun ta tallafe haɓar zanenta a ciki kamar mai ciwon mara. Ruwan sama ya jiƙa mata kafaɗu. Ko sallama ba ta yi ba, ita da ba ta shiga ɗakin surukarta sai ta yi sallama har an amsa.

"'Yar nan, karɓi maza. Da sauran ɗuminsu."

Uwar Tsaki ta jefar da tsintsiya ta tara hannu. Ƙwai ne guda bakwai, ƙanana, masu ruwan ƙasa. Ba ta tambaya ba. Ta leƙa ta taga, ta hango Wake-wake kwance a bakin kwata, fiffike ɗaya a baje, ruwa na wasa da gashinta. Karen maƙwabta ya sake tsinke igiya, ya same ta a kan kwanci, ita kuwa ta ƙi tashi daga kan ƙwanta.

Kaza ce kawai, in ji wanda bai sani ba. Amma irin Wake-wake tare da Inna ya zo gidan miji, daga kajin mahaifiyarta: gajeru, masu ɗigo-ɗigon fari da baƙi, gashi ya rufe musu ƙafa har yatsu kamar sun sa safa. Inna ta yi ƙaura da su daga gidan haya zuwa gidan haya, ta binne miji, ta aurar da 'ya'ya, idonta ya yi hazo har ba ta bambance fuska sai murya, amma ba a taɓa wayar gari babu mai safa ɗaya a tsakar gidanta ba. Annobar bara ta kwashe sauran. Wake-wake ce ta rage, yanzu kuma sai abin da ke tafin hannun Uwar Tsaki.

An yi sa'a injin ƙyanƙyasarta ba komai a ciki, jiya ta raba tsakin da ya fito. Sana'arta ke nan, ita ta ba ta sunan da unguwa ke kiranta da shi. Injin yana kusurwar falo, farin akwati mai murfin gilashi, domin a nan ne kaɗai mai haɗa wuta ya ja musu soket daga batirin sola. Sauran soket ɗin gidan sai wutar gari ta ga damar zuwa. Ta durƙusa ta kunna, ta zuba ruwa a ɗan farantin ƙasa, ta jera ƙwan a hankali.

"Ku ɗan matsa mana, kun tare ni."

Mai Burodi ne, mijinta, ɗan Inna na fari. Yana zaune a bakin kujera ya sunkuyo, hannun gem, abin buga wasan talabijin, a tsakanin gwiwoyinsa, manyan yatsunsa biyu na rawa. A talabijin wasu ƙananan mutane na bin ƙwallo a kan koriyar ciyawa. Matarsa ta gaya masa abin da ya faru.

"Allah sarki, Wake-wake," ya ce. "Sannu, Inna."

Bai juyo ba.

* * *

Kada a yi wa mutumin ƙarya, ba mugu ba ne. Tun asuba yake gaban tanda a gidan burodi, ya tashi da azahar kafaɗunsa a mace. A da, in ya tashi ba ya zuwa gida, sai shagon gem na bakin titi, cikin yaran da ya kusa haifa, har duhu ya yi. Shi ya sa ranar da ya shigo da akwatin gem ɗinsa na kansa a ƙarƙashin hammata, Uwar Tsaki ce ta fi kowa murna. Ita ta goge teburin da aka ɗora shi. Ta gaya wa ƙawarta a shagon abincin kaji, inda take tsare kanta da yamma, cewa ita kam ta huta, mijinta ya zama na gida.

Mai sayarwa ya ce musu abin ba ya cin komai. Ashe bakinsa ne ba a gani. Da farko akwatin ya ce talabijin ɗinsu ta yi masa kaɗan, aka sauya. Ya ce hannu ɗaya bai isa ba, saboda Gola, abokin Mai Burodi da ke zuwa, aka ƙaro. Ya ce ba ya buɗe sabon wasa sai da intanet, kuma duk wata sai an sabunta masa rajista, in ba haka ba ya kulle fuska kamar mai gidan haya. Yana zafi, aka sai masa fankarsa, alhali Inna da mafici take kwana. Wannan duk abin da ake iya biya ne.

Sai ya koma cin abin da ba a sayarwa. Ya ci hirar bayan la'asar. Ya ci gyaran ƙofar banɗaki, wadda har lokacin da dutse ake tokare ta. Ya ci tiren abincin da suke ci tare, domin yanzu Mai Burodi da cokali a hannun hagu yake ci, in an tafi hutun rabin lokaci. 'Yarsu Auta, da ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta koyi rarrafe a karo na biyu, don ta gane in ta wuce a tsaye ta gaban talabijin tsawa take sha. Ihun 'yan kallo ya ishi Uwar Tsaki, ita da bakinta ta ce ya sayi abin sa wa a kunne. Ya saya. Gidan ya yi tsit, har ta gode masa.

Wani lokaci takan tsaya a ƙofar kicin ta dubi ƙeyarsa. Ga shi nan dai, a gida, kamar yadda ta roƙa. Ta rasa ƙarar wa za ta kai.

* * *

Ta sa fensir ta yi wa kowane ƙwai alama, gicciye a gefe ɗaya, zobe a ɗaya gefen, don ta san wanda ta juya. Safe da rana da dare tana juya su, kamar yadda uwarsu za ta yi da baki. Bayan 'yan kwanaki ta lulluɓa da bargo a tsakiyar rana, ta haska fitilar waya a gindin kowanne. Jijiyoyi ja sun bazu kamar saiwa, kuma a tsakiya wata 'yar inuwa na shure-shure. Duka bakwai ɗin.

Da ta gaya wa Inna, tsohuwar ta yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba. Ta sa aka kawo mata kujerarta ta roba kusa da injin. Tun daga ranar nan can take wuni, tafin hannunta a kan murfin, tana sauraron ƙugin 'yar fankar da ke ciki. Ta ce abin yana numfashi kamar jariri. Har ta fara rabon gado: mace ɗaya ta Auta ce, zakara ɗaya kuma ba za a yanka shi ba ko waye ya zo.

Damina ta yi nauyi a wannan makon. Rana ba ta fitowa sosai, batir ba ya cika, wutar gari kuwa sai dai a ji labarinta. In aka haɗa injin da talabijin da gem da fankarsa, akwatin batirin yakan yi fito sau biyu ya ɗauke komai. Uwar Tsaki ta san haka. Kafin ta fita shago ta tsaya a kansa har sai da ya zare abin kunnen.

"Baban Auta, don Allah injin nan. In batir ya yi kuka, gem ɗin za ka kashe. Mako biyu ne kawai."

"An gama, ranki ya daɗe." Ya sara mata kamar soja. "Ni da nake wuni a bakin tanda, ni za a koya wa sha'anin zafi?"

Kullum ta dawo da magariba takan tarar da jar fitilar injin a kunne, fanka na ƙugi, shi kuma yana kwance yana latsa waya. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mata a rai: buhunan fulawa guda biyu da take gani a ninke a bayan kujera. Ta ɗauka na goge ƙafa ya kawo. Inna kuma ta rage magana, ta daina rabon gado. Uwar Tsaki ta ce a ranta sanyin damina ne ya taɓa mata gwiwa.

Da lokacin ƙyanƙyasa ya matso ta daina juya ƙwan, ta ƙara ruwa, ta hana kowa ɗaga murfi. A irin wannan lokacin, mai kunne yakan ji ɗan tsako na ƙwanƙwasa ɓawo daga ciki. Ta kara kunne da safe. Ba ta ji komai ba. Ta ce wataƙila ƙarar ruwan sama ce a kan kwano.

* * *

Ran nan ruwa ya shiga shagon abincin kaji, mai shago ya ce kowa ya tafi. Ta iso gida tun kafin la'asar, takalmanta a hannu.

Ihun 'yan kallo ne ya tare ta tun daga zaure. Gola ya zo, don haka an cire abin kunne an ƙure murya. Su biyu a bakin kujera, kafaɗa da kafaɗa, Gola na cewa yau sai ya sa Mai Burodi ya koma tallan burodi a ka. A kusurwa injin yana lulluɓe da buhunan fulawa, an ɗora darduma a kai. Wayar wutar injin na kwance a ƙasa, bakinta uku na kallon rufi. Inna na zaune a kujerarta, ta zura hannayenta biyu a ƙarƙashin buhunan, ta rungume akwatin kamar mai riƙe da tukunyar da za ta faɗi.

Uwar Tsaki ba ta yi ihu ba. Ta taka ta zare wayar talabijin. Koriyar ciyawar ta mutu.

"Haba, Madam, ana tsakiyar fenariti!" in ji Gola.

Ta mayar da wayar injin. Ta ɗage buhunan, ta ɗora bayan hannunta a kan gilashi. Sanyi kamar randa.

Mai Burodi ya miƙe yana murmushin da bai kai ido ba. Ya shiga bayani. Ya ce tanda in ta ɗauki zafi, ko an janye wuta sai ta wuni tana gashi. Ya ce kwaɓi ma haka suke rufe shi da buhu, ya kumbura lafiya lau. Ya ce ita kanta kaza ai takan tashi ta yi kiwo ta dawo. Ya ce bai yi da ganganci ba, lissafi ya yi, kuma injin guda sukutum a kan ƙwai bakwai ai ɓarnar wuta ce.

"Tandarku bulo ce," ta ce. "Wannan roba ce. Yau ne kawai?"

Ya dubi baƙin gilashin talabijin.

"Ai kullum haka muke yi, Madam," in ji Gola, da nufin ya taimaki abokinsa. "Ba abin da ke samunsu."

Da ta dube shi, Gola ya fice, bai tsaya neman takalminsa na dama ba sai da ya kai zaure.

Ta bar injin ya yi zafi har washegari, don rai ba ya saurin fidda tsammani. Sannan ta ɗebi ruwan ɗumi a kwano ta kai kicin, ta rufe ƙofa. Ƙwan da ke da rai, in an sa shi a ruwan ɗumi, yakan yi ɗan rawa da kansa. Ta sa na farko. Ya tsaya cik. Ta jira har ruwan ya daina motsi, ta sake jira. Ta sa na biyu. Da ta kai na bakwai ruwan ya huce, ita kuma tana zaune a ƙasa, bayanta a jikin buhun gawayi.

Mai Burodi ya turo ƙofa a hankali. Idonsa ya yi ja, wannan kam gaskiya ne. Ya durƙusa ya ce ta rufa masa asiri, Inna ba za ta iya ɗauka ba. Ya ce tunda ba ta gani sosai, a samo tsaki masu ɗigo-ɗigo a zuba a injin, a ce sun fito. Ya rantse daga yau ya bar gem, sayar da shi ma zai yi.

Ta ce ba da ita ba. Ta faɗa har sau biyu. Amma da gari ya waye ita ce ta je wurin mai tsaki, domin shi bai san na kwana ɗaya da na mako ɗaya ba. Ita ta tsuguna a gaban kwali ta zaɓo guda biyar masu duhu-duhu. Ta ce biyar ya fi kama da gaskiya.

* * *

"Inna, albishirinki," in ji Mai Burodi da murya mai ƙarfi, kamar kunnen ne ya lalace ba ido ba. "Biyar sun fito."

Ya sa mata ɗaya a tafin hannu. Inna ta rufe shi da ɗaya hannun. Ta shafa kansa, ta shafa bayansa. Sannan babban yatsanta ya gangara zuwa ƙafar, ya bi ta har yatsu. Santsi, ba gashi ko ɗaya. Ta karɓi na biyu ta yi masa haka. Ba ta nemi na uku ba.

"Allah ya raya," ta ce.

Mai Burodi ya sauke ajiyar zuciya, ya ƙifta wa matarsa ido.

Da yamma ruwa ya tsagaita. Uwar Tsaki ta ɗauki ƙwan a tsohon gwangwani ta zagaya bayan gida, ta fara tona rami da guntun fartanya a gindin katanga. Ba ta ji tahowar kowa ba sai da inuwa ta rufe ramin.

"Ba ni ɗaya, 'yar nan."

Ta so ta ce ƙwan wasu ne. Bakinta ya ƙi. Ta miƙa mata.

Inna ta tsuguna da ƙyar. Ta ƙwanƙwasa ɓawon a kan dutse, ta ɓare shi da farce a hankali, kamar mai tsoron ta tashi mai barci. Ɗan tsakon ya gama haɗuwa, ya naɗe, kansa a ƙarƙashin fiffike. Ta lalubo ƙafar. Jiƙaƙƙen gashi ya kwanta a kai har yatsu.

"Ga safarsa nan," ta ce.

Uwar Tsaki ta sunkuyar da kai. Ta roƙi Inna ta yafe musu.

"Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Kina fita nake jin numfashin abin ya tsaya."

"Inna, me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Na yi. In shi kaɗai ne, abin nan na kunnensa, sai in yi ta kira kamar mai kiran wanda ke ƙetaren kogi. Na taɓa dafa shi, ya ce in bari a tashi. In kuma da baƙo, ba zan tsinka shi a gaban baƙo ba. Na lalubi wayar a ƙasa, na same ta, ban ga ramin da ake sa ta ba."

"Ni fa? Da kin gaya mini."

Inna ta daɗe tana shafa 'yar ƙafar.

"In kai ƙarar ɗana wurin matarsa? Ke ma kin haifa. Ki bari ta girma ki gani." Ta sa tsakon a ramin da hannunta. "Kada ki ce masa na sani. Ya yi ɗawainiya, ya sayo."

Suka tura ƙasa tare. Ɓawon da aka yi wa gicciye da fensir ya ƙi nutsewa, sai da Uwar Tsaki ta danna shi da dunduniya.

* * *

Akwatin gem ya yi kwana biyu a cikin kwalinsa a saman kabad. Mai Burodi ya gyara ƙofar banɗaki. Ya ce masu saye suna taya shi da wulaƙanci, gara a jira kasuwa ta gyaru. A rana ta uku Gola ya aiko a waya cewa an buɗe sabuwar gasa, kuma rajistar watan nan ai an riga an biya, asara ce a bar ta ta ƙone.

Da yamma iska ta taso da sanyi. Tsakin nan biyar suka cure a kusurwar kwali suna kuka siriri, domin tsakon da ba shi da uwa sai an kunna masa ƙwan fitila ya ji ɗumi. Wutar gari ba ta zo ba. Uwar Tsaki ta jawo kwalin zuwa falo, ta warware wayar fitilar.

Injin ƙyanƙyasa na kusurwa a kashe, an ɗora masa fankar gem a kai. Kujerar robar Inna ta koma gaban talabijin, ƙafafun Mai Burodi na kanta. Soket ɗin a cike yake. Ta tsaya a gefensa da wayar a hannu. Ta kira shi, bai ji ba. Ta dafa kafaɗarsa.

Ya ɗaga gefe ɗaya na abin kunnen, idonsa na kan ciyawa.

"Saura kaɗan a tashi."

Auta ta shigo, ta kai bakin talabijin, ta durƙusa ta rarrafe ta wuce.

A bakin ƙofa Inna ta zauna a ƙasa. Ta bi kukan da hannu har ta samu kwalin. Ɗaya bayan ɗaya ta kwashe tsakin da ba nata ba, ta zuba su a haɓar zanenta, ta tallafe su a ciki.